Shaidar Rijiyar Zaituna

Ranar da na fara zuwa gidan Sabiru Barau a unguwar Harra ta Gabas a Madina, na cire mutuncina tare da takalmina na ajiye a bakin ƙofa. Ina zaune da kofin shayi, ina ba shi labarin yadda ban san tsoro ba tun ina yaro a Kano, sai na hango wani baƙin abu ya nannaɗe a gindin randa. Ban san lokacin da na hau kan kujera ba, shayi a gaban rigata, ina salati. Sabiru ya tashi a hankali, ya ɗauki abin ya maƙala a bakin famfo. Tiyo ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kafin ya gane tiyo ne, sai da ya yi masa sallama.

Sabiru haifaffen Madina ne. Kakansa ya zo aikin hajji a ƙafa, ya zauna. Mahaifinsa Barau ya ƙare rayuwarsa yana hawan dabinon mutane a lambunan Aƙiƙ, har tafin ƙafarsa ya koma kamar ɓawon itace. Sabiru ya kalli ƙafar nan tun yana ƙarami, ya yanke wa kansa hukunci cewa da alƙalami zai ci abinci. Hausa kuwa yana ji sarai, amma idan mahaifiyarsa Kaltume ta yi masa magana, da Larabci yake mayar mata, kamar wanda aka ba tuwo ya maido kwano da shinkafa.

A 1978 yana shekara ta uku a kulliyar shari'a. Ɗalibai suna da wata mujalla tasu mai suna Hima, wato keɓaɓɓiyar ƙasar da shari'a ta hana a sare itacenta ko a kori dabbarta. Hukuncin rijiya, hakkin makiyaya, haramcin farauta a cikin hurumin Madina, irin abin da suke rubutawa ke nan, su gurza a inji su raba. Ba ta fi shafi talatin ba, amma duk wanda sunansa ya fito a bangonta, malamai kan tuna da shi idan mahkama, wato kotu, ta nemi magatakarda. Sabiru ƙofar nan yake so.

Shugaban mujallar, Khalilu, dogo ne siriri wanda bai taɓa yin dariya a gaban shaidu ba. Dokarsu ɗaya ce. Sabon shiga ba ya rubutu. Maƙalar wani ake ba shi, ya bi kowace hashiya, wato ƙananan bayanan ƙasan shafi da ke nuna inda marubuci ya samo maganarsa. In littafi ne, ya buɗe shafin da hannunsa. In wuri ne, ya je ya tsaya a kai. In mai shaida ne, ya gan shi da idonsa. Sannan ya sa hannu. Wanda ya sa hannu kan abin da bai gani ba, an rufe masa ƙofa har ya gama karatu.

"Wannan a akwatin mujalla muka same ta, ba suna," in ji Khalilu, ya miƙo masa takardu. "Ranar Alhamis za mu gurza. Yau Litinin."

Rubutun irin na allo ne, mai ƙiba, takardar tana ƙanshin tawadar gawayi da ƙaro. Larabcinta kuwa ko malaminsu na nahawu ba zai sami inda zai sa jan biro ba. Magana ce a kan wata tsohuwar rijiya a Aƙiƙ, Rijiyar Zaituna, wadda wani kamfanin gine-gine zai cike ranar Asabar. Maƙalar ta ce wadda ta haƙa ta ta yi wakafinta ga duk mai rai, don haka ba a cike ta, ba a gini cikin kamu arba'in na kewayenta, muddin akwai rai ɗaya da ke sha.

Hashiya goma sha shida duk littattafai ne. Sabiru ya bi su a yini guda, ko wasali bai kauce ba. Ta goma sha bakwai ce da ajami, da Hausa: Mai sha na nan. A je da rana tsaka a tambaya.

"Shi ya sa muka ba ka," in ji Khalilu. "Harshenku ne."

Talata da rana tsaka ya isa. Katafila na tsaye a bakin lambun da rijiyar take ciki, maigadinta Abdou, mutumin Damagaram, yana fake a inuwar tayarta.

"Can za ka? Bismilla. Ni dai aikina ya tsaya nan," in ji Abdou. "Rijiyar ta ƙafe tun kafin a haife ka."

Dabinon lambun duk sun mutu a tsaye. Abin da Sabiru ya fara lura da shi shi ne shirun. Daga titi ana jin motoci, amma yana wuce karyayyar katangar sai ƙarar ta yanke, kamar an tura ƙyaure a bayansa. Ko ƙuda babu. Ya jefa dutse a rijiyar, ya ji ya faɗi kan busasshiyar ƙasa. Da ya ɗago, ga baƙar macijiya kwance a bakin rijiyar, daidai inda ya dafa hannunsa yanzun nan.

Kowane ɗan Madina ya san abin yi. Macijin da aka tarar a mazauni ba a kashe shi nan take, don ba a san ko wane ne ba. Gargaɗi ake yi masa kwana uku, a roƙe shi da Allah ya bar wurin. In ya tafi, shi ke nan. In ya ƙi, jininsa ya halatta. Sabiru ya ja da baya, ya karanto gargaɗin da Larabci mai kyau. Macijiyar ta dube shi, ba ta motsa ba.

Laraba ya koma. Sawun takalminsa na jiya yana nan a kan rairayi, daga katanga zuwa rijiya. A gefensa akwai wani sawun, na ƙafa ba takalmi, ƙarama, taku da taku tare da nasa. Zuwa kawai ya yi, bai dawo ba. Macijiyar na nan inda take. Ya sake gargaɗin. Wannan karon ta sauke kai ta juya wajen katanga, ta tsaya kamar mai jiran a faɗa mata sau ɗaya kuma.

A hanyar gida ya yi shawara da zuciyarsa. Wa zai sani? Ya sa hannu kawai, ya ce ya ga tsuntsu na sha. Khalilu ba zai taka Aƙiƙ da wannan rana ba. Amma Abdou ya san rijiyar a ƙafe take, kuma bakin maigadi ba shi da marfi.

Kaltume na gyaran gyaɗa a faifai lokacin da ya shigo. Ta ga abincinsa ya huce a gabansa, ta matsa masa har ya faɗa mata.

"Zaituna ai ƙawar kakarka ce," ta ce. "Tare suka taho. Ƙishirwa ta cinye mata 'ya'ya biyu a hanya, shi ya sa ta haƙa. Ba ta da Larabci sai na salla. To, kai me ka ce wa baiwar Allahn da ka tarar?"

"Gargaɗi na yi mata, ya ummi. Sau biyu."

Ta ajiye faifan. "Aike ka aka yi ka tambaya, ko aike ka aka yi ka kora? Shaidarka ɗaya tak a duniya, ka je kana ba ta wa'adin tashi. Gobe in ka cika na uku ta tafi, wa ya rage yana sha? Kai da katafilar nan aikinku ɗaya, ita dai ta fi ka ƙara."

Alhamis ya ɗauki gugan mahaifinsa ya tafi. Inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa lokacin da ya ƙetare katangar. Macijiyar ta bar bakin rijiyar, tana tsakiyar hanya, kanta na fuskantar waje. Sabiru ya durƙusa kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi wa manya. Hausar ta fito masa da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba.

"Salamu alaikum. Sannu da hutawa, Iya. Ni ne Sabiru ɗan Barau. Maganar jiya da shekaranjiya, a yafe mini, na janye. Tambaya aka aiko ni. Ana shan ruwan nan?"

Macijiyar ta ɗaga kai ta dube shi. Sannan ta juya, ta bi ta gefen gwiwarsa har ya ji sanyinta ta cikin riga, ta gangara cikin rijiyar. Daga can ƙasa, inda dutsensa ya faɗi kan busasshiyar ƙasa shekaranjiya, ya ji ana sha. Ba lasar dabba ba ce. Kurɓa ce, da haɗiya, da ɗan numfashi a tsakani, yadda tsohuwa ke shan ruwa bayan doguwar tafiya. Ya zura guga. Ya fito da ruwa kamar cikin moɗa, mai sanyi har yana sa haƙori tsami.

A ƙarƙashin hashiya ta goma sha bakwai ya rubuta: Na je, na tambaya, ana sha. Ya sa hannu.

"Wa ke sha?" in ji Khalilu.

"Mai rai."

Khalilu ya dubi jiƙaƙƙen gugan da ke hannun Sabiru, ya dubi fuskarsa, ya karɓi takardun. Aka buga maƙalar aka gurza. Da Khalilu ya ɗauko asalin takardun daga kan tebur zai adana, sai ya tarar da su sharkaf da ruwa, tawadar ta wanke tas kamar allon da aka gama hadda. Sa hannun Sabiru kaɗai ya rage. Tebur kuwa a bushe yake.

Wani malaminsu ya kai mujallar inda ya kamata kafin Asabar. Aka yi ta ja-in-ja wata biyu, daga baya ginin ya matsa. Wanda ya bi ta wajen yanzu zai ga benaye biyu da wani fili a tsakaninsu wanda ba a san dalilinsa ba, yara ma ba sa buga ƙwallo a ciki. Sunan Sabiru ya fito a bangon Hima shekara biyu, ya zama magatakarda a mahkama, ya auri Sakinatu. Tun daga ranar da Hausa yake amsa wa mahaifiyarsa. Kowace Alhamis yakan bar kwanon ruwa a gindin randa, kuma ba ya son a tambaye shi wa ke shanyewa.

Da ya gama ba ni labarin, na ga ya kamata in maido da ɗan mutuncin da na zubar a kan kujera. Na ce, "To Malam Sabiru, shekara huɗu kana karatun shari'a, ashe babbar shaidarka mai ja da ciki ce. An rantsar da ita kuwa?"

Ya ƙara mini shayi, bai ko ɗago ba.

"Shekarata goma ina rubuta maganar shaidu, Alhaji, ita kaɗai ce ba ta canza magana ba. Kai kuwa na san kafin ka isa unguwar Sultana, tiyon nan ya zama kumurci."