Doña Encarna a Bayan Mutumin Zinariya

Ni kaɗai na ga 'yar takardar shago manne a tafin takalmin Doña Encarna lokacin da ta ɗaga ƙafa za ta shiga bas. Takalmin ya shekara tara a kwali, takardar ko datti ba ta yi ba.

Maƙwabciyata ce a unguwar Triana, ƙofarta na kallon tawa. Ta zo Sevilla daga ƙauye tana amarya, ta shekara arba'in tana suyar kifi a bakin kasuwa, kuma ba ta taɓa ganin dalilin haye gada zuwa tsakiyar gari ba. "Me na jefar a can?" take cewa.

Amma a waya wata mace ce daban. Duk Lahadi ina jin ta ta bango tana gaya wa Pura, ƙawarta ta ƙuruciya da ta rage a ƙauye, wai yanzun nan ta sauko daga hasumiyar Giralda. Matakala ɗari uku, ko haki ba ta yi. Daga can sama, in ji ta, tana hango gidan Pura har da shanyar da ke kan igiya.

Kwatsam aka yi wa Pura aikin ido a birni. Ta ce abin da za ta fara kallo da sabon idonta shi ne gidanta daga sama.

Da safe Doña Encarna ta buga min ƙofa. "Ke mai digiri, sa takalmi. In na saki hanya, ki yi tari." Muka ɗauko Pura, mu uku muka kama hanya. Sau biyar na yi tari kafin mu isa.

A gindin hasumiyar baƙi sun ja dogon layi. Mu a kasuwa ba ma jeruwa. Tambaya ake yi wa ke ƙarshe, wanda ya amsa shi ne naka, in bai shiga ba ba ka shiga. Doña Encarna ta ɗaga murya: "Wa ke ƙarshe?" Baƙin suka kalle ta, ba wanda ya fahimta. Ta juya, idonta ya sauka kan wani mutum da ya shafe jikinsa da fentin zinariya, yana tsaye ƙyam kan akwati kamar gunki, da gwangwani a gabansa. Na ga ta kalli gwangwanin, ta kalli saman hasumiyar.

"Ɗan nan, kai ne na ƙarshe?"

Daidai nan wani ya jefa masa kwabo, ya sunkuyar da kai a hankali.

"To, ina bayanka."



Bayan rabin awa Pura ta ce, "Encarna, mutumin nan fa ba ya motsi."

"Haƙuri gare shi. Ba irinki ba, bakwaini."

Wani dattijo mai sanda ya iso ya tambayi wa ke ƙarshe. "Ni ce," in ji ta. Ya tsaya. Baƙi suka ga layinmu gajere ne kuma a inuwa, suka fara sulalowa. Kafin tsakar rana na ƙirga mutum ashirin da uku a bayan gunki, har da wani mai yi wa baƙi jagora da tutarsa.

Gumi ya fara wanke fentin. Mutumin ya yi magana ta gefen baki: "Inna, don Allah ki matsa, kin tare min masu kallo."

"Ka shiga mana mu bi ka."

"Ba inda za ni!"

"Kin ji ko, Pura? Ba laifina ba ne. Ni ban taɓa tsallake mutum ba, ba yau zan fara ba."

Pura ta zauna kan dakali, ta cire takalmi tana murza yatsu. "Matakala ɗari uku kika ce?"

"Da ɗaya."

"Jikana ya hau shekara shida da suka wuce. Ya ce hanya ce shimfiɗaɗɗiya mai hawa, ko jaki zai bi. Kuma ya ce ba a ganin komai sai rufin mutane."

Fuskar Doña Encarna ta yi jajir. Na yi tari, ban san dalili ba.

"To don me duk Lahadi kike tambayata shanyarki, munafuka?"

"Don kina cewa ta fi ta kowa fari. Wa ke gaya min haka a ƙauye?" Pura ta miƙa mata hannu. "Tashe ni, tsohuwar banza. Ni ko kan kujera na hau jiri nake yi. Lahadi dai ki kira."

Kafin mu tafi, Doña Encarna ta juya wurin dattijon ta damƙa masa amana yadda ya kamata: "Malam, yanzu kai ne a bayansa." Ya gyara tsayuwa.

Da muka koma gida ta goge takalmin, ta mayar da shi kwali, ta ɗora mai a wuta ta soya mana kifi.