Kufan Gidan Kakana

Ina so in faɗa tun farko cewa ba duk abin da zan rubuta nan nake da tabbacinsa ba. Wasu maganganun na ji su ne cikin rana da gajiya, wasu kuma na sha juya su a raina har na kasa raba abin da aka faɗa da abin da na ɗauka ana nufi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, haka ma sunan garin, domin mutanen suna nan da ransu, kuma mai yiwuwa ne na zalunce su da zato.

Garin yana tsakanin Tasawa da Mayahi. A can aka haifi Inna, mahaifiyata, a gidan mahaifinta. Ni ban taɓa ganin gidan ba. Bayan rasuwar kakana 'ya'yansa suka watse, gida ya zama kufai. Daga baya aka yi lotisma, aka yanka gari fili-fili aka fitar da tituna, aka baje ɗan abin da ya rage na katanga.

Ina aiki a Mayahi, Inna tana zaune wurina. Wata rana da hantsi tana tsintar wake, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce tunda na yi karatu har jami'a, ko zan iya gano mata inda gidansu yake. Na tambaye ta dalili. Ta daɗe tana juya waken a faifai, sannan ta ce akwai wadda aka bari a bayan ɗaki.

Kawuna, ƙanenta, shi ya warware mini maganar. Kafin ni Inna ta yi haihuwar fari. Ta koma gidan iyayenta goyon ciki kamar yadda ake yi, ta haifi mace, yarinyar ba ta kai arba'in ba ta koma. A zamanin, jariri cikin gida ake binne shi, bayan ɗakin uwarsa. Ban taɓa jin labarin ba, saboda kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi gaban mutane, yana raye ko ba ya raye. Inna ta riƙe wannan kunyar har tsufa. Yanzu ƙarfinta yana raguwa, tana so ta tsaya a wurin ta yi addu'a kafin tafiya ta gagare ta. Sharaɗinta ɗaya ne, kada in gaya wa kowa abin da ya sa nake neman gidan.

Na fara da takardu, don su na sani. Wani abokin karatuna a Yamai ya aiko mini hoton tsohuwar taswira ta zamanin Turawa. A cikinta garin ɗigo ne kawai, da alamar rijiya a gefensa. Ya haɗo da wani tsohon hoto da aka ɗauka daga jirgin sama, inda gidaje suka fito kamar zobba, rumbuna kamar ƙwayar gero. Saura taswirar lotisma. A meri, wato ofishin hukumar gari, mai kula da takardu ya fara tambayata ko ni magajin wani ne, sannan ya ce takardar tana wani biro. Na je can, aka ce in koma inda na fito. Ranar da aka shimfiɗa mini ita a tebur, na tarar gara ta cinye kusurwa ɗaya, kuma kusurwar ita ce unguwar da nake nema. Na dubi bakin wurin da kyau, ina so in gane ko cin gara ne ko yagewar hannu. Ban iya ganewa ba. Gara tana cin takardu a kowane biro, na sani, amma abin ya tsaya mini a rai.

Na kwafi tsohon hoton a farar takarda mai shara-shara, na ɗora ta kan wata taswirar garin ta yau a jikin gilashin taga. Inna ta ce ƙofar gidansu gabas take kallo, idan an fito rijiya tana hagu, kuma akwai babbar aduwa a ƙofar. Aduwar an sare ta tuni. Masallacin da na so in kafa awona da shi an sake gina shi, ban san ko a mazauninsa na da ba. Duk da haka, ko ta yaya na juya takardar, gidan kakana yana faɗawa ne cikin katangar wani ɗan kasuwa, inda yanzu yake da siton hatsi.

Na shiga garin da wando da riga irin na ma'aikata, takardu a naɗe a hammata. A ƙasarmu wanda ya zo a haka yana tambayar kufai, shari'ar fili ya kawo, kowa ya san wannan, ni ne dai ban yi tunaninsa ba sai da na ga yadda ake kallon hammatata. Maigari ya karɓe ni da fara'a, ya tuna kakana, ya yi masa addu'a, sannan ya kira ni yadda ake kiran 'yan boko a can, ya ce, "To ɗan lakwal, gidan da ƙasa ta shanye, mi za ka yi da shi?"

Na ce tarihi nake so in sani.

"Tarihi," in ji shi. "Na bara ma da tarihi ya zo. Har yau muna zarya gaban alƙali."

Dattawan zauren suka yi dariya, ni ma na yi. Amsar gaskiya tana bakina, ba ni da ikon faɗinta.

Na yi ta komawa garin cikin damina. Wani dattijo ya kai ni bayan kasuwa ya ce nan ne. Wani ya rantse gidan yana wajen makarantar boko. Ɗan kasuwar kuwa ya zaunar da ni ya ba ni shayi, ya ce filinsa tun asali fako ne, ko akuya ba ta taɓa kwana a ciki ba, ya nuna mini tsallaken titi. Sai daga baya na lura cewa kowa yana nuna mini wurin da ya fi nisa da nasa filin ne. Ko tsufa ne ya rikita su, ko sun haɗa baki, ban sani ba. Kawu ma, wanda ya girma a gidan, duk lokacin da na ce mu je tare sai gwiwarsa ta motsa. Na taɓa raya cewa ko an ba shi wani abu lokacin lotisma ya rufe bakinsa. Ba ni da hujja ko ɗaya, kuma gwiwar tasa da gaske tana ciwo.

Bayan an yi girbi na gaya wa Inna na kasa. Ta ce to in kai ta. Muka shiga motar kasuwa, muka ƙarasa a amalanke, na bar takardun a gida. Muna sauka kusa da zauren maigari wata tsohuwa mai ɗauke da ƙwarya ta tsaya ta ƙura mata ido. Ashe ƙawarta ce ta ƙuruciya.

"Ke ce?" in ji tsohuwar. "Da haƙoranki kika bar garin nan, ina kika zubar da su?"

"Inda kika zubar da naki," in ji Inna.

Suka zauna a gindin katanga suna lissafa waɗanda suka rasu. Can tsohuwar ta dube ni, ta dubi Inna, ta sassauta murya ta ce, "Wurin baƙuwar nan kika zo?"

Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Tsohuwar ta tashi ta je bakin zaure ta yi magana da maigari. Ban ji abin da ta ce ba. Na ga dai an aika an kira ɗan kasuwar, an kira liman, dattawa sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Sun ɗan jima a haka. Wannan shawarar ita ce abin da har yau ba ya barina in huta, domin a ganina wurin da aka sani tashi kawai ake yi a nuna shi.

Suka fito suka yi gaba, muna biye, har bakin katangar ɗan kasuwar. A wajen katangar akwai ɗan rairayi tsakaninta da titi, wurin da ba na kowa ba. Maigari ya nuna da sandarsa ya ce nan ne bayan ɗakin. Bisa awona, wurin yana cikin katangar ne, ƙarƙashin siton ko dab da shi. Ɗan kasuwar yana tsaye ya ba ƙofarsa baya. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Inna ta riga ta durƙusa. Ta dafa rairayin da tafin hannunta, leɓunanta suna motsi. Liman ya yi addu'a muka shafa. Da ta miƙe ta yi wa kowa godiya, har da ɗan kasuwar, wanda ya sa aka kawo mata fura.

A hanyar komawa ta yi barci a amalanke. Tun daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, kuma na ga tana cin abinci fiye da da. Ban gaya mata shakkata ba. Wani lokaci ina zaton ita ma ta san ba daidai wurin ba ne, ta karɓa don ta sauke mini nauyi. Wani lokaci kuma ina ganin dattawan gaskiya suka faɗa, awona ne ya kauce, tunda masallacin da na dogara da shi ba tabbas gare shi ba.

Don haka ina roƙon duk wanda ya gane garin daga wannan bayani, ya kuma san gidan mai aduwa a ƙofa kafin a baje shi, ya gyara mini inda na yi kuskure, ko a kan wurin, ko a kan mutanen da na zarga. Ba fili muke nema ba, ba za mu kai kowa ƙara ba. Amma a kawo gyaran wurina ni kaɗai, kada a kai wa Inna.