Malam Inuwa, Mai Kawo Ɗan Rakiya

Ranar Laraba ta farkon watan Rajab, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gidana da ke Fagge. In ban da mutum ɗaya, an daɗe ba a yi mini sallama a wannan ƙofa ba. Mutanen layinmu sun ɗauke ƙafa tun shekarar da mai ɗakina ta rasu, ni kuma ban bi kowa ina roƙo ba, kuma abin yana nan a raina har gobe. Da na leƙa sai na ga Kabiru, babban ɗan Malam Inuwa, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba Akawu, sai haƙuri. Baba ya cika da asuba, yanzu ake shirin kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba za a gane abin da Malam Inuwa ya yi mini ba sai an san halin da ya same ni a ciki. A layinmu ana ciyayya. Bayan sallar magariba a shimfiɗa tabarma, kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a haɗa a ci. Shekaru na yi ina fito da nawa. Da matata ta rasu aka share makoki, 'ya'yana mata suka koma gidajen aurensu a nesa, sai murhuna ya mutu. Wanda ba a girki a gidansa kuwa ba ya zama a tabarmar ciyayya, sai dai in ya yarda a riƙa ciyar da shi. Na daina fita. Mutanen da na rubuta wa takardun neman aiki, na karanta musu takardun asibiti, babu wanda ya taka ya ce lafiya. Na yi karatu a zamanin da karatu yake da daraja, na ba wata ma'aikata ƙuruciyata, ta karkaɗe ni kamar tsohuwar tabarma, sai ga maƙwabta sun ƙarasa. Shayi da burodi suka zama abincina, wata rana ma ban damu da su ba.

Malam Inuwa Bazazzagi ne. Mun saba tun ina akawu, shi kuma yana kuku a wani gidan abinci kusa da tashar jirgin ƙasa. Daga baya ya koma wani otal a Sabon Gari, a can ya yi gida, a can ƙarfinsa ya ƙare. Wata rana bayan azahar na ji ana dukan ƙyaure.

"Akawu! Fito, bawana, ubangidanka ya zo daga Zazzau."

Na ce masa na ƙoshi.

Ya ce, "Da me? Da Turanci? Ai ciki ba ya jin Turanci."

Ya shigo zaure ya kwance ƙyallen da ya ɗaure samira da shi. Soyayyen dankalin turawa ne, yankan tsaye, a gefe kuma ga albasa da aka yanka kamar awarwaro, aka tsoma a ƙullun fulawa aka soya ta yi ja. Ƙamshin ya cika zauren. Na miƙa hannu, ya buge hannun.

"Kai Bakano, ba ka da tarbiyya? Wannan ba abinci ba ne, ɗan rakiya ne. Ka taɓa ganin 'yan rakiya sun shiga gari babu ango? Ni na kawo ɗan rakiya, kai ka nemo wanda za a raka."

Haka na tashi na kunna risho, na dafa shinkafa da hannuna, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Ta caɓe. Ya ɗanɗana ya ce a Zariya ko kaji ba a ba irin wannan. Sannan ya cinye rabonsa tas, ya leƙa tukunya.

Da tuwo da miya ya kawo mini ran nan, da na mayar masa da kayansa, don na san sadaka in na gan ta. Shi ma ya san ni. A tsawon shekarun da muka yi muna cin abincin rana tare, bai taɓa kawo cikakken abinci ba. Kullum rabi ne, sauran rabin yana wuyana. Yau shinkafa da wake, gobe taliya, wata rana in fita in sayo ɗanwake. In ban tanadi komai ba sai ya ɗaure samirarsa ya ce zai kai wa masu gida na ƙwarai. Ya taɓa tafiya da ita kuwa, ina kallo.

Mutum ne mai girmama abin da zai shiga bakin wani. Da kansa yake shiga kasuwa ya zaɓi dankali, yana juya kowane ɗaya kamar mai sayen goro. Ba ya rufe samira ruf, yakan ce tururi maƙiyin suya ne. Yakan hau adaidaita daga Sabon Gari zuwa Fagge, tafiyar da yake iya yi da ƙafa, don kada abin ya huce. In na tsaya ina zagin gwamnati da 'yan zamani, sai ya turo mini faranti ya ce, "Soyayye ba ya jiran kowa. Ci, gwamnati tana nan, za ka same ta." In na ce yau ba na jin ci don raina a ɓace yake, sai ya ce, "Mai fushi da tuwo, tuwo bai san yana yi ba."

Sau ɗaya muka yi saɓani na gaske. Cikin wani azumi ne, lokacin da yakan zo mu sha ruwa tare. Ya raba albasar biyu, ya ɗauki rabi ya fita. Ta tagar zaure na hango shi ya durƙusa a bakin tabarmar ciyayya, na ji yana cewa, "Daga gidan Akawu." Da ya dawo na ce, "Da izinin wa?"

"Da izinin albasata."

"Mutanen da suka bar ni da shayi za ka kai wa abinci da sunana?"

Ya samu wuri ya zauna. Can ya ce, "Akawu, ƙafata ta fara gardama. Ba zan dawwama ina zuwa ba. So nake in ga kana da inda za ka kai kwano. Su ma tsofaffi ne irinka, kunyar da ta hana ka fita ita ta hana su shigowa."

Ban yarda da wannan magana ba a lokacin, yanzu ma ban yarda ba. Wanda aka yi wa mutuwa shi ake bi, ba shi yake bin mutane ba. Bai sake tayar da zancen ba, bai kuma fasa zuwa ba.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Likita ya ce hawan jini ne, ya hana shi mai da gishiri. Sai tafiyar ta juya, na zama ni nake ɗaukar kular shinkafa in nufi Sabon Gari. Na zaci an gama da suya ke nan. Ina shiga na tarar an ajiye masa kujera a gaban kasko, yana riƙe da matsami. Mai ɗakinsa, Hajiya Asabe, tana daga ƙofar ɗaki tana cewa, "Malam, likita fa ya hana."

Ya ce, "Ci ya hana, bai hana suya ba. Wannan bawan nawa in ban soya masa ba wa zai soya masa?"

Ya tsame, ya barbaɗa yaji, ya miƙo mini. Nasa kwanon farar shinkafa ce da dafaffen ganye. Na kasa ci a gabansa. Ya ce, "Matso nan. Tauna kusa da kunnena in ji ƙarar, in san ko hannuna yana nan." Na matsa na tauna. Ya lumshe ido ya ce, "Yana nan." Haka muka riƙa yi har makon da ya kasa tashi zaune.

An yi jana'izarsa cikin jama'a mai yawa. Maƙwabtansa na Sabon Gari, Musulmi da Kirista, sun rufe shagunansu sun zo gaisuwa. Har mutanen layinmu na gani. Ɗayansu ya riƙe hannuna ya ce, "Akawu, sai mun gan ka da magariba." Na ce to. Ban fita ba tukuna, ban kuma san ko zan fita ba.

Allah Ya jiƙan Malam Inuwa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci. Yadda ya ciyar da ni bai bar ni na ji kunya ba, Allah Ya ciyar da shi daga abincin Aljanna, kada Ya kunyata shi ranar tsayuwa. Allah Ya ba Hajiya Asabe haƙuri, Ya shirya Kabiru da ƙannensa, Ya haɗa kansu, kada murhun gidan ya mutu. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu.

Iyalinsa sun rasa uba da miji. Ni na rasa mutumin da nake cin abinci da shi.