Jinjirin Wata a Wayar Baba Maikuɗi

Duk wanda ya taɓa ratsa layin 'yan albasa a kasuwar Ose ta Anacha ya san Gimba mai turin manhajoji a waya. A Anacha aka haife shi, yana sheƙa Ibo kamar ba Bahaushe ba. Shekara shida yana zaune a rumfar Baba Maikuɗi, dillalin albasa, da wata tsohuwar kwamfuta da garin barkono ya toshe wa madannai. In ta ɗau zafi, wari take kamar ana ƙona silifas. Baba ne ya ba shi wuri da wutar da yake jonawa, bisa sharaɗi guda: kada ya zuba wa kowa abin kunya a waya.

Manhajoji wajen ɗari huɗu gare shi, ya raba su folda-folda: Addini, Wasanni, Karatu, Lafiya, sai wata da ya raɗa wa suna Tarkace. Sai dai Gimba malalaci ne, tir da hali. Ba ya buɗe manhaja ya ga cikinta, hoton kawai yake kallo. Ƙwallo? Wasanni. Littafi? Karatu. Ranar da ya samo wata mai hoton jinjirin wata, ko ƙifta ido bai yi ba ya wurga ta Addini.

Azumi ya gabato, Baba ya miƙo wayarsa.

"Gimba, zuba min na addini duka."

"An gama, Baba."

Da Baba ya buɗe mai watan, ta riƙa jero tambayoyi da Turanci. Ya yi ta dannawa har ta gaji ta ƙyale shi. Bayan sati uku wayar ta yi ƙara, ga jinjirin wata, ga ƙatuwar lambar biyu. Baba ya bi rumfa-rumfa yana shelar saura kwana biyu a ga wata, na'ura ta faɗa. Mutane suka ce lissafinsu bai kai nan ba. Ya kira Theresa, 'yar Kafanchan mai sarin tattasai.

"'Yata, karanta musu, ke kin yi boko."

Theresa ta duba, ta toshe baki da gefen zani.

"Baba, wa ya sa maka wannan?"

"Karanta mana!"

"Ta mata ce fa. Wai al'adarka saura kwana biyu."

Layin albasa ya kece da dariya, har wani mai okada ya kashe mashin don ya ji daɗin yi. Baba ya riƙe wayar da yatsu biyu kamar mushen ɓera, ya nufo Gimba.

"Kai, wannan ƙazantar ce addini?"

"Baba, ai wata ne a jiki..."

"Ka buɗe ka gani?"

Gimba ya sosa ƙeya. Theresa ta leƙo ta ce, "Ba ƙazanta ba ce, Baba, amfani gare ta. Wurin zamanta Lafiya ne. Wannan sakaran ne bai san aikinsa ba."

Nan take Gimba ya ja manhajar ya jefa Lafiya, yana rantsuwa yau zai buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya. Baba bai ko kalle shi ba. Ya tofar da yawu, ya sunkuya ya zare wayar wutar kwamfutar daga bango.

Yanzu Gimba yana can bakin kwata, bayan masu wankin tattasai, inda ƙudaje suka fi kwastomomi yawa. Batirin kwamfutar minti ashirin yake yi. A rana yakan samu ya buɗe manhaja biyar.