Ƙonon taya a Illela

In faɗi gaskiya tun farko: da furfurata na ɓata ɗaukar amaryar ɗan wana, kuma ba wanda ya zuga ni.

Mun tashi da asuba daga Malbaza, mota ukku. Uban amarya, can Illela, ya riga ya aiko cewa in samarinmu sunka ƙona taya ƙofar gidansa, ɗiyarsa ba ta biyo mu. Shi ya sa wana ya zaunar da ni gaban motar farko, wai in tsawata ma yara. Ni da lakwal, makarantar boko, ta sallama tun aji biyu saboda ƙiriniya.

Manyan motocin siminti sun tare mu har Tsarnawa. Nan munka sha kunu da ƙosai, munka zuba ma motoci isansi, man fetur na kwalba, mai saidawa na rantsuwa bai haɗa da kalanzir ba. Hanyar Tawa lafiya lau, gero ya yi kai hagu da dama. Direbanmu, abokin ango, sai labarin wasan ƙona taya yake ba ni: a ja birkin hannu, a taka totur, taya na gudu mota na tsaye. Ya ce daɗin a ƙirji ake jin shi. Na ce shirme ne.

Da hantsi munka isa. An ba mu fura da tuwon dawa miyar kuka, an yi addu'a, mata na shirya amarya. Gaban gidan ga kwalta shimfiɗe, ba kowa bisa. Ina zaune cikin mota, na ce ma direba a hankali, ɗan nuna mini kaɗan.

Motar ta yi kuka, kujera na rawa ƙarƙashina, hayaƙi fari ya rufe mu, warin roba har maƙoshi. Wallahi akwai daɗi. Na ji bakina na cewa ƙara. Da hayaƙin ya washe, ga uban amarya tsaye da buta, yana kallona, ni ko hulata a hannuna.

Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi gwaggwanninta za su kawo ta ran da ya ga dama.

Munka komo da la'asar, kujerar amarya ba kowa. Abin da na koya, mai tsawatawa a zaunar da shi baya, nesa da direba. Ango na bakin ƙofa da sabuwar shadda. Ya leƙa motar, ya dube ni.

"Baffa, ka dai ji daɗi ko?"