Dattijo Mai Hoton Taurari

A shagon wanke hoto kusa da tashar Gumel, wani dattijo yana tsaye gabana, takalminsa duk taɓon gona. Yana ɗaga hoton da aka miƙo masa har saitin hancinsa. Na leƙa, sai ga wani haske murɗaɗɗe kamar faifai cikin baƙin sama.

"Baba, a intanet aka samo wannan?"

"Ni na ɗauka da kyamarata, a bayan gidana a Ɗanzomo. Tarin taurari ne. Shekara uku ina fama kafin na samu."

Na saki baki. Ni na zaci hoton biki ya zo karɓa.

Ya miƙo mini hoton. "Ɗana, duba mini, ya fito kuwa? Idanun sun kusa tafiya. Hazo kawai nake gani."