Hoton Bulus a Kan Fitilar Inji

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Bulus, direban da ya yi rabin rayuwarsa yana jigilar fasinja da buhunan citta tsakanin Kafanchan da Kagarko. Na so wannan rubutu ya zama na yabo zalla, don ya cancanta. Amma abin da na gani makon jiya ya hana ni sakat.

Bulus akwai barkwanci, akwai kuma taurin kan tsiya. A gaban sitiyarinsa akwai 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda ke kamawa idan wani abu ya taɓu a cikin motar. Tasa ta kama tun farkon daminar da ya rasu, ta ƙi mutuwa. Da na yi magana sai ya bushe da dariya, ya ce, "Yaya, ke ticha ne, bar mana mota. Wannan wuta tsoro kawai yake ba mutum." Washegari ya samo takarda mai ayar Zabura ya manna a kanta, wai yanzu duk inda ya duba albarka yake gani.

Sai bayan jana'iza wani bakanike ya yi mini bayani. Idan fitilar ta kama ta tsaya cak, a kai motar a duba ba da jimawa ba, wani lokaci ma murfin tanki ne bai rufu da kyau ba. Idan kuwa ta fara ƙyaftawa, inji na shan wuya, sai a nemi wuri a tsaya. Babu wanda ya san ranar da ta Bulus ta fara ƙyaftawa, tunda tana ƙarƙashin takarda. Motar ta mutu masa a tsakiyar hawa, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya fito yana turawa, babbar mota ta ɓullo daga kwana ta kwashe shi. Fasinjojinsa sun tsira, shi kaɗai muka ɗauko.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garejin Kafanchan na yau. Yanzu akwai na'urar da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari, nan take ta faɗi inda ciwon yake. Na san da ya yi mata ba'a, ya ce mota ma ta fara ganin likita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk da wannan sauƙi, wasu direbobi wurin mai gyaran wayoyin mota suke zuwa a cire ƙwan fitilar ɗungurungum. Wai ci gaba ke nan, daga mannawa zuwa cirewa.

Makon jiya Ishaku ɗan Bulus, wanda shi ma ya gaji tuƙi, ya zo ɗaukata zuwa ƙauye don addu'ar tunawa. Na zauna a gaba, sai ga ƙaramin hoton Bulus manne a gaban sitiyari. Zuciyata ta karye, na ɗauka kewar uba ce. Ba mu yi nisa ba na lura gefen hoton yana haske yana dushewa. Na sa farce na ɗaga shi. Fitilar tana ƙyaftawa.

"Anti, sensa ne kawai ya rikice, injin lafiya lau," in ji shi, da dariyar ubansa sak. "Baba yana tsare ni."

Na ce ya tsaya. Na sauka a bakin titi da hoton a hannuna, na ce ba za a kai ni kabarin Bulus cikin wannan mota ba. Ba mu sami addu'ar ba. Dangi sun ce na cika fitina, Ishaku kuwa ya daina ɗaukar wayata.

Bulus ya bar mana dariyarsa da buɗaɗɗen hannunsa, ina gode wa Ubangiji. Amma ya bar wa yaron nan taurin kansa, kuma tsoro nake ji. Jiya an ce mini an ga Ishaku a tasha yana lodin Kagarko, ban sani ba ko ya kai motar an duba. Hoton dai yana cikin jakata, ba zan mayar masa ba sai na ga fitilar ta mutu don kanta.